Bayan an sayar da kamfani: halin ma'aikata ne ke tafiyar da aiki, ko riƙon sabon mai gida?

Mai Kula da Sito:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka ga jiya suka ga yau a aikin kamfani, shi ya sa na kawo ta nan. Shekarata 11 ina aiki a wata masana'antar man girki da ke Sharaɗa a Kano, ni ne kuma ke kula da siton kayan da aka gama sarrafawa. Wata 7 da suka wuce mai kamfanin, wanda tsufa ya cim masa kuma babu wanda ya nuna sha'awar gadon harkar a cikin 'ya'yansa, ya sayar da shi ga wani babban kamfani mai hedikwata a Legas. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, domin ba ƙarar kowa na kawo ba.

Har yau ba a sallami kowa ba, albashi ma yana shiga ranar 25 ga wata ba ya saɓawa, abin da ba mu saba gani ba a da. Sai dai kusan komai na yadda muke aiki ya sauya. An kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, an kawo manhajar da ke ƙidaya kowace jarka, kuma ko galan ɗaya ba ya fita sai kwamfuta ta fitar da takarda. An hana ba dillalai kaya bashi da baki kamar yadda Alhaji, tsohon mai kamfanin, yake yi wa mutanen da ya yi shekara 20 yana hulɗa da su a kasuwar Singa, an kuma soke rancen da ake ba ma'aikata gab da azumi da Babbar Sallah.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda sassa biyu da ke ƙarƙashin rufi ɗaya suka rabu. Sashen cika jarka, inda matasa suka fi yawa, ya karɓi sabon tsarin hannu bibbiyu, kuma kayan da suke turo mini a rana sun ƙaru idan sun samu man. Sashen injin matsa da boila (tukunyar da ke samar da tururi) kuwa, inda dattawanmu suke, kullum aiki tsayawa yake yi. Babu wanda ya ƙi aiki, babu wanda ya yi wa kowa rashin kunya, amma babu mai ƙara ko taku ɗaya a kan abin da aka rubuta masa. A da, dattijon da ke kula da boila yana jin ƙarar ta sauya zai gyara kafin ta lalace. Yanzu sai ya jira ta tsaya, ya cika fom, ya zauna jiran injiniya, domin haka sabuwar doka ta ce. A taron makon jiya sabon manaja ya ce matsalar wannan masana'anta halin ma'aikatanta ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na kwanta da dare na kasa ƙaryata shi gaba ɗaya. Don Allah ina neman fahimtarku: shin da gaske halin da ma'aikaci ya ɗauka game da sauyi shi ne ke yanke yadda kamfani zai kasance bayan an saye shi?

Tsohon Manaja:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya warware muku. Manajan naku bai faɗi gaskiya duka ba, amma ɓangaren da ya faɗa gaskiya ne, kuma na gan shi da idona. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya sanar da cewa dole kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen Disambar 2005. Da wa'adin ya cika, bankuna 89 sun koma 25. Wasu an saye su ɗungurungum, wasu kuma sun haɗu sun ɗauki sabon suna, kamar Unity Bank da ya fito daga haɗuwar bankuna 9, ciki har da Bank of the North wanda iyayenmu da yawa a Arewa suka buɗe asusunsu na farko a cikinsa. Ni a lokacin ina riƙe da reshen wani ƙaramin banki dabam, kuma muna cikin waɗanda aka saye.

An haɗe reshenmu da na masu sayenmu da ke kan titi ɗaya da mu, aka zuba mu a gini ɗaya. Fiye da shekara biyu ana cewa “mu” da “su” a cikin ofis ɗin nan, hatta abincin rana kowane ɓangare da inda yake zama ya ci. A cikin mutanena akwai jami'ai biyu da suka shigo aiki kusan lokaci ɗaya, kowannensu yana riƙe da asusun manyan 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi. Na farkon ya riƙa tsayawa bayan an tashi yana koyon sabuwar manhajar a hannun wani yaro da bai kai ƙaninsa ba, kuma ya ɗauki sababbin jami'an ya zaga da su rumfa-rumfa, yana gabatar da su ga mutanensa, yana cewa suna ne ya sauya amma ajiyarku tana nan, ni ma ina nan. Na biyun ya ce shekararsa 18 a banki, babu yaron da zai koya masa aiki. Duk wanda ya zo wurinsa sai ya rage murya ya ce masa, ai Alhaji bankin nan ba kamar da ba ne. Mutanen kuwa sun yarda da shi fiye da yadda suka yarda da kowace takardar sanarwa, saboda haka suka riƙa kwashe kuɗinsu a hankali. Da lokacin rage ma'aikata ya zo, da yawan ajiyar da ta rage a hannun kowa aka auna shi. Da bakinsa ya kori mutanensa, sannan aka yi masa hukunci da rashinsu, kuma reshen ma ya yi asarar da bai mayar ba har na bar wurin.

Mutanen nan biyu albashinsu ɗaya, tsoron da ke zukatansu ɗaya, sabon shugaban da aka ɗora musu ma ɗaya ne. Ba na ganin akwai abin da ya bambanta su in ba yadda kowannensu ya karɓi lamarin ba. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma dattijonku na boila yana cutar da kansa fiye da yadda yake zato.

Kwamared:

Yallaɓai Manaja, Allah ya ƙara lafiya, ina girmama gogewarka amma a nan ban bi ka ba. Ka ba mu labarin mutum biyu, ni kuwa na zauna a teburin sasanci a madadin ɗaruruwa, kuma na koyi cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk lokacin da shugaba ya ce matsalar halin ma'aikata ce, tambayar da nake fara yi ita ce wace shekara suka ɗauki wannan halin. Dattijon da ya yi shekara da shekaru yana gyara boila tun kafin ta lalace, ba tare da an sa shi ba, shi ne dai wannan da ke zaune yana jiran injiniya. Mutumin bai sauya ba. An kawo doka da ta ce masa kada ya taɓa injin sai da izini, wato an gaya masa a fakaice cewa ba a yarda da saninsa ba, shi kuma ya bi dokar sau da ƙafa. Ta yaya za a hukunta mutum da laifin bin umarnin da aka ba shi?

Mu duba abin da ya faru a harkar wutar lantarki. A ranar 1 ga Nuwamban 2013 gwamnatin tarayya ta miƙa mafi yawan kamfanonin da aka fitar daga PHCN ga 'yan kasuwa, ciki har da KEDCO mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Tsarin da aka bi shi ne a biya ma'aikata haƙƙinsu na sallama, sannan sababbin masu kamfanonin su riƙe waɗanda suka riƙe a kan kwantiragin wata 6 kafin su yanke wanda zai zauna. Ka ɗauki mutumin da ya san inda kowace waya ta bi a ƙarƙashin ƙasa, ya san taransifomar da ba ta ɗaukar nauyi da damina, ka ce masa nan da wata 6 za ka yanke ko kana buƙatarsa. Abu ɗaya tak ya rage masa na kare kai, shi ne abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba, kuma duk mai iyali zai yi tunani sau biyu kafin ya miƙa shi.

A bankunan ma, bayan gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5 a watan Agustan 2009, Access ya karɓi Intercontinental, Ecobank ya karɓi Oceanic, FCMB ya karɓi FinBank. An rufe rassan da suka yi kusa da juna, an kuma sallami mutane da yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka rungumi sauyin da zuciya ɗaya kamar jami'inka na farko. Idan rassa biyu suka koma ɗaya, manaja ɗaya ake buƙata, ko da duka biyun mutanen kirki ne. Ma'aikatan Sharaɗa sun ji waɗannan labaran daga maƙwabtansu da surukansu, kuma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ba laifi ba ne ka shafa wa naka ruwa.

Jami'ar Ma'aikata:

Sallama gare ku baki ɗaya. Yallaɓai Manaja da Kwamared, ku ba ni dama in yi magana daga ɗakin da ba ku zauna a cikinsa ba, domin na daɗe a sashen kula da ma'aikata, kuma sau biyu kamfanin da nake wa aiki ne ya sayi wani, aka tura ni cikin tawagar karɓar ragama. Abin da ma'aikatan kamfanin da aka saya ba su cika sani ba shi ne mu ma da fargaba muke shiga. An kashe kuɗi masu yawa, galibi na bashin banki, an yi wa masu hannun jari alkawarin riba cikin wa'adi, kuma duk abin da muka sani game da wurin daga takardu muka samo shi. Takarda tana nuna yawan injina da bashin da ake bin kamfani da wanda yake bi, amma ba ta nuna cewa dillali wane ba ya sayen kaya sai a hannun ma'aikaci wane, ko cewa inji na uku ba ya son a ɗora masa nauyi da sanyin asuba sai ya ɗumama. Wannan sanin yana cikin kawunan tsofaffin ma'aikata, kuma babban kaso ne na abin da mai saye ya biya kuɗi dominsa, alhali babu yadda za a yi ya rubuta shi a cikin yarjejeniya.

Saboda haka ina tare da Yallaɓai a kan cewa halin ma'aikata yana yanke sakamako, kuma ga ta inda yake yankewa: ma'aikaci ne kaɗai ke da ikon miƙa wannan sanin ko riƙe shi, kuma ba za a iya tuhumarsa da ɓoyewa ba tunda mai sayen bai ma san akwai abin ba. Amma ina tare da Kwamared a kan cewa mu masu saye ne ke gina wannan halin a makonnin farko. A karon farko da na je, an umarce mu da mu yi shiru har sai an gama nazarin ma'aikata, muka yi wata 4 muna cewa babu abin da zai sauya, alhali kowa yana ganin muna auna ofisoshi muna ƙirga tebura. Jita-jita ta cike gurbin da muka bari. Waɗanda suka fara ajiye aiki su ne mafiya ƙwarewa, domin su ne wasu kamfanoni ke zawarcinsu, aka bar mu da waɗanda ba su da inda za su je kuma ba su yarda da mu ba. A karo na biyu na dage sai da aka tara kowa a makon farko, aka gaya musu sassan da za a haɗe, da yawan gurbin da zai ragu, da watan da za a yi, da abin da za a biya wanda abin ya shafa. An yi kuka a wurin, wasu ma sun fita kafin a tashi, amma aiki bai faɗi ba, kuma waɗanda suka tafi sun tsaya sun koya wa na baya aikinsu kafin su miƙa makulli.

Ko a manyan kamfanonin duniya haka abin yake. A 1998 kamfanin motoci na Daimler-Benz na Jamus ya haɗu da takwaransa Chrysler na Amurka a cinikin da ya kai kimanin dala biliyan 36, aka shelanta wa duniya cewa haɗuwar tsara da tsara ce. A 2000 shugaban Daimler, Jürgen Schrempp, ya amsa a wata hira da jarida cewa tun farko nufinsa Chrysler ya zama sashe a ƙarƙashinsu. Manyan ƙwararrun Chrysler da yawa sun bar kamfanin a waɗannan shekarun, kuma a 2007 Daimler ya sayar da kusan kashi 80 cikin 100 na Chrysler ga kamfanin zuba jari na Cerberus a kan dala biliyan 7.4. Akwai dalilan kasuwa a cikin faɗuwar, amma mutanen da suka gano an yaudare su a ranar ɗaurin aure da wuya su yi zaman gidan da zuciya ɗaya. Wannan magana kuma ta sake taso mana a gida, tunda a watan Maris na 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin bankuna, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, da wa'adin ƙarshen Maris na 2026.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa gare ku manyanmu. Ni ban taɓa aikin albashi ba, dillalin katin waya ne ni tun layuka suna sababbi a Nijar, amma na kalli wannan lamari daga bakin shagona. Layin da muka sani da Celtel, kamfanin MTC na Kuwaiti ya saye shi a 2005, aka mayar da sunansa Zain a 2008, sannan Bharti Airtel na Indiya ya sayi harkokin Zain a ƙasashen Afirka 15 a 2010 a kan dala biliyan 10.7. A wajenku Najeriya ma layin ya fi haka sauya riga, domin ya fara da Econet, ya zama Vmobile, kafin Celtel da Zain da Airtel. A 2019 kuma Orange ya sayar da reshensa na Nijar, ya koma Zamani.

Abin da nake so in ƙara shi ne mu da ke waje ba kamfani muke gani ba, ma'aikacin da ke zuwa wurinmu muke gani. Akwai wani wakili da ya yi ta kawo mini kaya ana sauya launin rigarsa da fentin motarsa, amma kowane sauyi sai ya zo da kansa ya zauna a kan bencina ya bayyana mini sabon farashi da sabon tsarin riba, abin da bai sani ba ya ce zai tambayo, kuma ya dawo da amsa. Saboda shi ban taɓa rage odata ba. Ɗan'uwa Mai Sito, dillalanku na Singa fuskarka suke karantawa duk lokacin da suka zo ɗaukar kaya, kuma daga ita suke yanke ko su fara neman wata masana'antar.

Barista:

Mai Sito, akwai tambayar da ya kamata ka amsa kafin a ci gaba, domin yawancin tsoron da ke lalata halin ma'aikata daga rashin sanin matsayinsu yake fitowa. Shin hannun jarin kamfanin aka saya, ko kuwa kadarorinsa? Idan hannun jari ne, a idon doka wanda ya ɗauke ku aiki bai sauya ba, kamfanin nan ne dai, masu shi ne suka sauya, saboda haka takardar ɗaukarka aiki tana nan daram kuma shekarunka 11 suna ci gaba da ƙirguwa. Idan kuwa injina da gini aka saya aka mayar da ku ƙarƙashin wani kamfani, sashe na 10 na Dokar Ƙwadago ya ce ba a mayar da kwantiragin ma'aikaci zuwa wani mai gida sai da yardarsa da sa hannun jami'in ƙwadago.

Game da rage ma'aikata, sashe na 20 ya wajabta wa kamfani ya sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalili da girman ragin, ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ne farkon tafiya tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta kuɗin sallama. Ka lura cewa wannan ƙa'ida ta fi kare dattijonku na boila a kan matasan sashen cika jarka, ga shi kuma shi ne ya fi kowa tsorata. Sai dai kalmar “ma'aikaci” a wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawuna, manyan jami'ai kuwa abin da ke cikin kwantiraginsu ne ke aiki, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Kuɗin fansho kuma, a ƙarƙashin dokar 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 kamfani kashi 10 a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, kuma sayar da kamfani ba ya taɓa shi. Ina ba ku shawara kowa ya nemi bayanin asusunsa ya tabbatar ana zubawa. Rancen Sallah kuwa, idan ba a rubuce yake ba, alheri ne na Alhaji, kuma nemansa ta hanyar sasanci ya fi nemansa ta hanyar shari'a.

Mai Kula da Sito:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Barista, hannun jari aka saya, sunan kamfanin da ke kan takardar albashinmu bai sauya ba, kuma wallahi babu wanda ya taɓa yi mana wannan bayanin a cikin wata 7. Dattawanmu sun ɗauka shekarunsu sun tafi tare da Alhaji.

Maganar Hajiya Jami'ar Ma'aikata kuma ta taɓa ni a inda ban zata ba, dole in faɗi gaskiya. Ina da wani littafi da nake rubutawa tun zamanin Alhaji, a cikinsa akwai sunan kowane dillali, da yawan kayan da yake iya sayarwa a mako, da wanda ke biya ranar da ya ce, da wanda sai an bi shi. Akwai mutum 4 a ciki da suka kai shekara 9 ba su taɓa saɓa ranar biya ba, kuma su ne ke ɗaukar kaya mafi yawa. Tun da aka hana bashi biyu daga cikinsu sun rage zuwa, na kuma ji sun fara ɗauka a wani wuri. Sabon manaja ya tambaye ni sau biyu dalilin da ya sa kaya ke taruwa a sito, na ce masa kasuwa ce ta yi sanyi. Littafin yana cikin durowata a kulle, kuma ban taɓa kallon hakan a matsayin wani hali da na ɗauka ba sai yau.

Tsohon Manaja:

Ƙanena, faɗin wannan a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya yi maka albarka. Shawarata ka kai littafin. Albashin da kake karɓa ranar 25 na kula da sito ne, kuma sanin dalilin taruwar kaya yana cikin kula da sito. A cikin Suratul Ƙasas, da 'yar dattijon nan take ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta ambata, ƙarfi da amana, kuma amana ba ta sauyawa don mai gida ya sauya. Bayan haka, kowane mako da ka ƙara, dillalan nan suna ƙara sabawa da sabuwar ƙofa, kuma idan masana'antar ta rasa su, kai da matasan sashen cika jarka ne farkon waɗanda za a ce aikinsu ya ragu.

Kwamared:

Ban ce kada ya kai ba Yallaɓai, amma addinin da ya ɗora wa ma'aikaci amana shi ne ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, saboda haka nauyin yana kan wuyan kowa. Mai Sito, idan za ka kai, kada ka je kai kaɗai kuma kada ka ajiye littafin a kan tebur ka juya. Ku je ku uku ko huɗu, har da dattijon boila, ku nemi a yi zama a rubuta abin da aka tattauna. Ku gabatar da abin da kuka sani, ku kuma nemi abu biyu a rubuce: tabbacin cewa shekarun aikinku suna nan, da ranar da za a gaya muku ko akwai shirin rage ma'aikata. Na ga inda mutum ya miƙa duk abin da ya sani shi kaɗai a asirce, aka yi masa godiya, bayan wata 3 aka ba wani kujerarsa.

Jami'ar Ma'aikata:

Hanyar da Kwamared ya kawo ita ce daidai, sai dai in ƙara abu ɗaya game da yadda za a faɗa. Kada ku ce a dawo da yadda Alhaji yake yi, domin manajan ba shi da ikon ba da kaya bashi da baki, kuma masu binciken kuɗi na hedikwata ba za su taɓa amincewa ba. Ku ce ga dillalai 4, ga tarihin biyansu na shekara 9, muna neman a buɗe musu bashin mako biyu a cikin manhajar, da iyakar kuɗi da takardar yarjejeniya. Wannan abu ne da zai iya turawa Legas ya kare shi da hujja. Haka ma dattijon, a nemi a rubuta jerin ƙananan gyare-gyaren da aka yarda ya yi nan take ya sanar daga baya. Manajan nan ma ana tambayarsa kowane ƙarshen wata dalilin da ya sa kaya ba sa fita, kuma ina kyautata zaton zai saurare ku.

Mai Kula da Sito:

Assalamu alaikum, na dawo da bayanin yadda aka yi. Ranar Talata mun shiga wurin manaja mu uku, ni da shugaban sashen cika jarka da wani akawu. Dattijon boila ya ƙi zuwa, ya ce shi ba zai je roƙon izinin yin abin da ya yi shekara 22 yana yi ba, duk da na karanta masa bayanin Barista kuma na ga jikinsa ya ɗan saki da ya ji shekarunsa ba su ɓata ba. Manajan ya ɗauki kusan awa ɗaya yana buɗa littafin shafi-shafi, ya tambaye ni dalilin da ya sa ban kawo shi tun farko ba, na gaya masa ban san ko ina cikin waɗanda za a riƙe ba. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ba a gaya masa komai game da rage ma'aikata ba, amma zai tambaya a rubuce ya nuna mana amsar. Ya amince ya tura buƙatar bashin mako biyu ga dillalai uku, na huɗun ya ce sai an ga takardun shagonsa. Takardar tabbacin shekarun aiki kuma ya ce sashen ma'aikata na Legas ne zai fitar, ya sa ranar 15 ga watan gobe.

Jiya na je Singa da kaina na gaya wa mutanen halin da ake ciki. Biyu sun ce za su jira, ɗaya ya ce ya riga ya ba wata masana'antar kuɗin kayan wata guda, sai ya ƙare zai duba. Boila ta sake tsayawa ranar Alhamis na tsawon awa 5. Hajiya, idan kina da samfurin irin jerin gyare-gyaren nan da kika ambata, don Allah ki turo mini, ina so in kai wa dattijon har gida ranar Asabar, ya cika shi da hannunsa kafin manaja ya gani.